Wa Ke Riƙe da Igiya?

Tun da na dawo ban huta ba. A ɗakin malamai a Boɗinga, a teburin mai shayi, har a bakin masallaci ranar Juma'a, tambayar ɗaya ce: "Malam Umaru, yaya Kanada?" In na ce lafiya lau, sai a ce ba shi ake tambaya ba. Malam Sani mai koyar da Larabci a makarantarmu ya ma baza cewa wai na bar rijiyoyin Sakkwato kaf, na tafi ƙasar Turawa na shiga rami neman abin da ba a gani. Abin haushin shi ne bai yi ƙarya ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Amma kafin a kai ga jirgi, dole in fara da rijiya.

Babana mai haƙar rijiya ne, daga wani ƙauye bayan Kajiji. Aikin na mutum biyu ne: ɗaya a ƙasa yana sara, ɗaya a sama yana riƙe da igiya, yana jawo ƙasa, in na ƙasa ya girgiza igiya ya jawo shi. Ina shekara tara Baba ya tafi wani aiki a Lambara. Mai riƙe masa igiya ya hango shanu sun shiga gonarsa, ya ce bari ya kore su ya dawo. Kafin ya dawo gefen rijiyar ya zube. Da aka tono Baba, igiyar tana nannaɗe a hannunsa. Bayan sadakar bakwai Inna ta zaunar da ni, ni ne autanta kuma ni kaɗai ne namiji, ta sa na yi mata alkawari ba ni ba shiga rami har abada. Na riƙe alkawarin nan shekara talatin da ɗoriya. Ko masai za a haƙa a gidana, ina daga nesa ina nuni da baki.

Abu ɗaya na gada daga Baba, wata magana. Yakan ce in rijiya ta yi zurfi, mutum ya ɗaga kai daga ƙasa da rana tsaka, zai ga taurari. Da na yi karatu na zama malamin fiziks, na gane ba haka ba ne. Kowace shekara in mun zo darasin haske sai na kawo maganar a aji a matsayin camfi, yara su yi dariya, ni ma in yi. Ban taɓa gaya musu daga bakin wa na ji ta ba.

Bara waccan na cika wata takarda ta wani shiri da ke ɗaukar malaman sakandare daga ƙasashe su je su ga inda ake binciken niyutirino. Na cika ne kawai don kada a ce ban cika ba. Sai ga amsa an ɗauke ni.

Ga wanda bai zauna a ajina ba: niyutirino wani ƙanƙanin abu ne, ya fi ƙwayar zarra ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A tsakiyar rana ake haifar mafi yawan waɗanda ke iso mu. Ba ruwansa da kowa. Yana ratsa bango, ya ratsa mutum, ya ratsa duniya sukutum ya fita ta ɗaya gefen, kamar yadda iska ke bi ta ragar kamun kifi. Don a kama ko da ɗaya-ɗaya, sai an gudu daga sauran tarkacen da ke zubowa daga sama, a ɓuya inda dutse zai tace su. Wurin da za a kai mu yana ƙasan wata ma'adina, wato ramin da ake haƙo ƙarfe, zurfin kilomita biyu.

Na karanta wannan layin ya fi sau goma. Sannan na hau babur na tafi gida sallama, na ce wa Inna za a kai mu inda ake nazarin rana da taurari. Ban yi ƙarya ba, amma Allah ya sani ban faɗi gaskiya ba. Ta yi murna, ta sa yayata Hassi ta ƙulle mini kilishi, da ƙuli-ƙuli, da goro bakwai a jiƙaƙƙen tsumma. Na ce, "Inna, ai ba ni cin goro." Ta ce, "Ba naka na ba. Baƙo ba shi tahiya hannu wohi."

Ba zan gajiyar da ku da neman biza ba. Sau biyu na je Abuja a motar haya, kuma a karo na biyu tayarmu ta fashe kafin Gusau, muka yi awa uku a gindin wata tsamiya da wani ɗan kasuwar albasa da ya rantse mini cewa a Kanada in ka tofa yawu ƙanƙara yake zama kafin ya sauka. Na isa can a watan zafinsu da rigar sanyi biyu a jiki. Har na dawo ban ga ƙanƙara ba sai a cikin kofi.

Jirgi kuwa, wannan ne hawana na farko. Na yi addu'ar hawa abin hawa sau uku, matar da ke kusa da ni tana ta kallona, ƙarshe ta miƙo mini alewa. Muka sauya jirgi a Turai, muka sake wata doguwar tafiyar a kan teku, rana ta ƙi faɗuwa, na rasa ko azahar ake ko la'asar.

A filin jirgin Toronto wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata kamar ya zo gaisuwa. Ashe ma'aikaci ne. Aka kai ni gefe, aka buɗe jaka, aka zaro kilishin Inna. Jami'ar ta ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na ce ai wannan ya bushe, ya daina zama nama tun a Shagari. Ba ta yi dariya ba, ta jefa shi a wani kwando ina ji ina gani. Goron kuwa ta juya shi, ta shinshina, ta kira wani, suka duba kwamfuta, suka bar mini. Da ta tambayi abin da ya kawo ni na ce na zo ganin niyutirino. Ta ce mene ne shi. Na ce wani abu ne da ba a iya gani. Ta daɗe tana kallona kafin ta buga hatimi.

Daga nan sai bas, awa biyar zuwa arewa, bishiyoyi da duwatsu da tafkuna. Abin da ya fi ba ni mamaki shirun motar. Mutum hamsin, ba mai tambayar wani daga ina, ba mai miƙo wa wani gyaɗa. Na gaida dattijon da ke gefena, ya amsa da fara'a, na tambayi iyali, sai ya ɗan ja jiki. A motar Sakkwato zuwa Jega, kafin a wuce Dingyaɗi ka san sunan matar direba da ciwon da ke damun surukarsa.

An sauke mu a ɗakunan kwanan ɗalibai na wata jami'a. Abokin ɗakina Usmanu ne, Bafulatani daga Senegal, malamin fiziks kamar ni, dogo mai son tsokana. Da Fulatancina na kasuwar Shagari da Turancinsa mai ɗingishi muka fahimci juna sarai. Shi ya koya mini yanke gorar ruwa ta zama buta, don banɗakinsu ba ruwansa da wannan. Rana ba ta faɗuwa sai bayan tara, ga asuba da wuri, muka yi kwana biyu muna sallar isha'i ido na rufewa. Abinci kuwa, sun ba mu soyayyen dankali da aka zuba wa cuku da romo, suna ta kallonmu su ji me za mu ce. Na tabbatar babu alade, na ci, na yaba. Da muka koma ɗaki na jiƙa ƙuli-ƙuli.

Mai jagorantarmu wata masaniya ce, Dakta Helen, 'yar gajeriya mai furfura, ta yi shekaru tana aiki a ramin. Ranar farko ta ce kowa ya ɗaga babban yatsansa ya dubi farcen. Ta ce kafin mu ƙifta ido biliyoyin niyutirino sun ratsa farcen nan sun wuce, dare da rana, don da dare ta ƙarƙashin ƙafafunmu suke fitowa. Na san wannan, ina koyar da shi, amma na tsinci kaina ina kallon farcena kamar na wani. Ta ce hasken da ake haifa a tsakiyar rana yakan yi dubban shekaru yana ture-ture kafin ya fito, shi kuwa niyutirino minti takwas da 'yan kai ya iso mu. Wato in kana son sanin halin da cikin rana yake yau, shi za ka tambaya.

Sannan ta raba takardu. Kowa ya rubuta sunan wanda za a sanar in wani abu ya faru a ƙasa.

Na riƙe biro ina tunani. In na rubuta sunan Inna, kuma wani abu ya faru, ta bakin baƙo za ta ji cewa autanta ya ci amanarta, kuma a rami. Na miƙa takardar da sunan Hassi, amma raina bai kwanta ba. Usmanu ya lura, na ba shi labari. Bai tsokane ni ba. Ya ce, "Ko ka kira ta, ko ka zauna a sama ka tsare mana takalma."

Ranar sauka, ƙarfe biyar da rabi na safe muna bakin ma'adina, goma da rabi a gida. An ba mu kayan aiki, da takalman roba, da hular kwano mai fitila. An kuma ba kowa wani ɗan ƙarfe mai lamba, ya rataya a wani babban allo. Dakta Helen ta ce in ka sauka ka rataya, in ka fito ka cire. Muddin ƙarfenka yana allon, a wurinsu kana ƙasa.

Na koma gefe na kira Hassi, na ce ta ba Inna. Bayan gaisuwa na fara kewaye-kewaye. Ta katse ni.

"Auta, rame na?"

Na ce, "Rami ne, Inna."

Ina jin kaji a tsakar gida. Na shirya jin kuka, na shirya jin ta ce kada in kuskura, kuma na riga na yanke cewa in ta faɗa zan tuɓe hular. Ba ta tambayi zurfinsa ba. Ta ce, "Wa ka riƙon igiya?"

Na juya na tambayi Dakta Helen. Ta ɗauka wasa nake, sai ta ga fuskata. Ta nuna wani gini, ta ce akwai mai tuƙa injin da ke sauke kejin da za mu shiga ya hau da shi, yau wani dattijo ne mai suna Andire. Na roƙe ta ta kira shi ya zo ya ce wa mahaifiyata ko da kalma ɗaya. Ta girgiza kai. Ta ce ba zai yiwu ba, muddin akwai mutum a igiya ba ya barin kujerarsa, ko shugaban ma'adinar ne ya kira shi, sai wani ya karɓe shi hannu da hannu.

Raina ya ɓaci, na ce, "Inna, sun ce ba zai zo ba. Wai ba ya tashi daga wurin."

"Ko an kire shi?"

"Ko wa ya kira shi."

Na ji ta sauke numfashi. Ta ce, "Mi as sunanai?" Na faɗa, ta maimaita har sau biyu, ta mai da shi Andiru. "To. Ka ba shi goron ga. Ka tahi, na yahe maka. In ka kai ƙasa ka ɗaga kai ka duba man ko gaskiya ubanka yah hwaɗi. In ka hito ka kira ni."

Na ba Dakta Helen ƙullin goron ta aika wa mutumin da ban taɓa gani ba, na rataya ƙarfena.

Kejin ɗaki ne na ƙarfe, aka cusa mu da ma'aikatan ma'adinar kafaɗa da kafaɗa, kowa da akwatin abincinsa tsakanin ƙafafu. Aka ja ƙofa, ƙasa ta zame. Duhu, da iska, da ƙara, kunnuwana suka toshe. Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma Baba kawai nake gani. Na kama hannun riga na kusa da ni na ƙanƙame, ina zaton Usmanu ne. Da muka tsaya bayan 'yan mintoci sai na ga wani ƙaton Bature ne mai gemu. Ya dafa kafaɗata ya ce shi ma ranarsa ta farko haka ya yi.

A ƙasa zafi ne, dutsen kansa ɗumi gare shi. Muka taka fiye da kilomita a cikin taɓo da ƙura har wata ƙofa. Nan aka wanke takalma, aka ce kowa ya tuɓe ya yi wanka da sabulu, ya sa wasu kaya masu tsabta, har da hular raga a kai. Usmanu ya leƙo daga nasa wurin wankan ya ce, "Malam, mun iso miƙati, ka yi niyya?" Dalilin wankan shi ne ƙurar dutse tana fitar da wani ɗan haskenta da ke ruɗa na'urar, ko cikin cokali ya shiga ya ɓata aikin. Bayan ƙofar kuwa fari fat, fitilu, sanyi, har da wurin shan shayi. Asibitin da ya kai wurin nan tsabta ban taɓa shiga ba.

Sai aka kai mu wurin na'urar, kuma a nan dariya ta kusa kama ni. Na ratsa teku, na sauka kilomita biyu, abin da aka nuna mini murfi ne. Muna tsaye a kan wani dandamali, a ƙarƙashinmu an fafe dutse an cika shi da ruwa mai tsabtar gaske, a cikin ruwan an rataye wata ƙatuwar ƙwallo mai ɗauke da wani ruwan na daban, dubban idanun na'ura sun kewaye ta cikin duhu. Rijiya ce, jama'a. A ƙasan ramin, rijiya suka haƙa suka rufe.

Dakta Helen ta zaunar da mu gaban wani allon kwamfuta. Ta ce cikin biliyoyin da ke wucewa, jefi-jefi ɗaya yakan yi karo da wani abu a cikin ƙwallon, ya yi ɗan walƙiya, idanun su gani. Ta ce shekarun baya an yi ta ƙirga na rana ana samun kashi ɗaya cikin uku na abin da lissafi ya ce, har aka fara zargin ko ba a fahimci rana ba. Ashe iri uku ne, kuma suna sauya kama a hanya, masu ƙirga iri ɗaya kawai suke ganewa. Daga nan aka san suna da nauyi, komai ƙanƙantarsa. Ta ce yanzu kuma suna jiran wani babban tauraro ya mutu. In ya fashe, niyutirinonsa ne ke fara isowa, awanni kafin haskensa, kamar yadda aka gani a 1987. Mutanen cikin rami ne za su gaya wa masu manyan madubai na hangen taurari a kan tsaunuka su juya su duba.

Na tambaye ta yaushe. Ta ce watakila gobe, watakila bayan ta mutu. Ta faɗe shi ba tare da damuwa ba, kuma na ji tausayinta da girmanta a lokaci guda.

Kafin mu fita na cika aiken Inna. Na ɗaga kai. Dutse ne da farin fenti, da bututu.

Ƙarfe ɗaya muka fito. Ban taɓa son hasken rana kamar ranar ba. Muna ta hayaniya, kowa na ba da labarin abin da kowa ya gani, muka shiga mota muka tafi cin abinci a gari. Ina tsakiyar cin kifi wayar Dakta Helen ta yi ƙara. Ta saurara, ta dube ni, ta ce, "Umaru, ina ƙarfenka?"

Yana allo. Muka koma da gudu. Mai kula da allon, wani dattijo, bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce an dakatar da fasa dutse saboda ni, an aika mutum yana bin hanya yana kiran sunana. Ya ce in cire da hannuna, don ba mai cire wa wani. Ina cirewa ya ce, "Muddin yana nan, akwai wanda bai tafi gida ba."

Nan na tuna. Awa biyu da fitowata ban kira Inna ba.

Ko ƙara ɗaya wayar ba ta gama ba aka ɗauka. Hassi ta fara, "Kai wane irin mutum na," sai aka karɓe. Inna ta ce, "Ka hito?" Na ce na fito. Ta ce, "To, alhamdu lillahi," ta kashe.

Sauran kwanakin da dawowar ba wani abin faɗi, ban da cewa Andire ya aiko a gaya mini ya ɗanɗana goron, bai taɓa cin abu mai ɗaci haka ba, amma ya ajiye sauran a gefen injinsa.

Da na iso Boɗinga babur kawai na ɗauka na wuce gida. Na sami Inna a ƙofar ɗakinta. Bayan an gama gaishe-gaishe an watse, ta ce, "To, ka gani?"

Na yi ta shirya amsar nan tun a jirgi. Na ce, "Da idona ban gani ba, Inna. Amma mutanen can, daga ƙasan ramin suke ganin cikin rana, kuma in tauraro ya mutu su ne za su fara sani. Sai an yi zurfi ake gani. Wannan kam Baba ya faɗa."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Shi dai bai saba ƙarya ba." Na ji kunyar dariyar da na yi ta yi a aji, kuma bana da muka zo darasin haske na gaya wa yaran maganar wa ce.

Da la'asar Hassi ta raka ni bakin hanya, tana ta mita. Ta ce ranar da na shiga ramin, tun da Inna ta ajiye waya ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki ta ɗora wayar a cinya. Nan ta yi azahar da la'asar da magariba da isha'i, butarta a gefe, abinci ko kallo bai ishe ta ba. Hassi ta tafi ɗebo ruwa, ta dawo ta tarar awakin maƙwabta sun shigo sun hau shanyar gero, sun ci rabi sun watsa rabi, Inna tana zaune taku biyar daga wurin tana kallonsu, ba ta tashi ba.

Na bar babur a hanya na koma ciki. Na durƙusa a gabanta, na ce, "Inna, awaki suna cin geronki kina gani?"

Ta ci gaba da jan carbinta. Ta ce, "Gero na, Auta. Ana sake shuka shi."